Vic Fearon da Tankar Madara

A garin Workington na yankin Cumbria, idan ka ambaci Vic Fearon, masu furfura za su ce maka, "Au, ƙanin Brenda, wanda ya taɓa fitowa a rediyo." Na bayansu kuwa abin da suka sani shi ne wani dogon direban tankar madara wanda in ka gaishe shi sai dai ya gyaɗa kai. Duk mutum ɗaya ne.

An haife shi a layin gidajen ma'aikatan ƙarfe, inda in mace ta yi shanya da safe, kafin rana ta take toka ta rufe fararen kaya. Mahaifinsa yana aiki a masana'antar da ke ƙera ƙarafan layin dogo. Mahaifiyarsa ta rasu tun bai yi wayo ba, saboda haka yayarsa Brenda ce ta raine shi, ita ma a lokacin ba ta daɗe da barin makaranta ba.

Vic ya tashi da in'ina, mai tsanani kuwa. Sunansa ma sai ya yi kokawa da shi kafin ya fito. A makaranta yara su kewaye shi suna kwaikwayonsa, shi kuma ya tsaya tsuru-tsuru, fuska ta yi jajir. Brenda ta sha fitowa da tsintsiya ta kora su har ƙarshen layi. Da ya ga magana ba ta jawo masa komai sai dariya, sai ya rage ta, har mutanen layin suka saba da shirunsa.

Wata ranar Asabar Brenda tana wanke-wanke, rediyo na kiɗa a kan taga, sai ta ji murya a bayanta tana bin waƙar tiryan-tiryan, ba gargada ko kaɗan. Ta waiwayo da faranti a hannu.

"Kai! Sake yi in ji."

Ya sake, baiti guda cur.

"Munafuki! Ashe bakinka lafiya lau yake, kake wahalar da mu?"

Ya buɗe baki zai kare kansa, kalmar ta maƙale kamar kullum. Brenda ta dube shi, ta ajiye farantin, ta daina dariya. Ba a yi wata ba ta shigo masa da tsohuwar jita da ta samo a wurin wani matuƙin jirgin ruwa da ya daina fita teku.

Da ya isa aiki, mahaifinsa ya kai shi masana'antar ya koyi sana'a. A can ya gamu da Dougie Moffat, gajere mai faɗin kafaɗa, wanda bakinsa ba ya hutawa, hannuwansa ma haka: cokali, ƙusa, sukundireba, duk abin da ya samu sai ya kaɗa shi a kan tebur. Ranar da Dougie ya ji Vic yana rera wata waƙa a bayan rumbun gawayi, ya tambaye shi ta wa ce. Vic ya nuna ƙirjinsa.

"Taka? Kai ka yi ta? To, mutumina, an gama. Kai ka rubuta ka rera, ni in buga ganguna in yi mana surutun. Dama ina da na mutum biyu."

Suka nemo wasu samari biyu masu jita, suka sa wa ƙungiyar sunan tudun nan na kashin ƙarfe da ke bakin teku. Kiɗan rok suke yi, mai ƙara, mai sauri. Suka riƙa zagaya mashaya da kulob-kulob na ma'aikata daga Maryport zuwa Whitehaven. Da farko ba wanda ke son waƙoƙin Vic. "Ku yi mana wadda muka sani!" haka ake yi musu ihu daga baya. Dougie ya miƙe daga kan gangunansa ya ce, "Baba, in ka saurara sau ɗaya ai ka san ta!" A hankali dai mutane suka fara gane kansu a ciki, don Vic ba ya waƙar komai sai abin da ke gabansa: ƙarar jiniyar tashi daga aiki, tarin da dattawa ke yi da asuba, matar da ke jiran bas da jakar cefane a cikin ruwan sama. Akwai wata da ya sa wa suna "Tsatsa", wadda in suka fara ta hira take tsayawa.

Wannan waƙar ce ta kai su Landan. Wani mutumin kamfanin faifai ya ji ta, ya ce su zo. Suka ari motar wani mahauci suka loda kaya, suka isa babban birni suna ƙarnin nama. Aka buga faifan, rediyo ya ɗauka. Ranar da Brenda ta fara jin muryar ƙaninta a rediyon da ke kan taga, da gudu ta fita layi ba takalmi tana buga ƙofofin maƙwabta. Mahaifinsu ya saurara har ƙarshe, ya kurɓi shayinsa ya ce, "Ba laifi. Yaushe zai dawo bakin aiki?"

Ana cikin haka aka gayyace su hira a wani gidan rediyo, shirin safe, kai tsaye. Dougie ne ke yin irin wannan, amma ranar mura ta kwantar da shi, ko murya ba shi da ita. Mutumin kamfanin ya ce ba fashi, Vic ya je. Aka zaunar da shi gaban makirfo, aka kunna jar fitila.

"To, ga mu tare da mai 'Tsatsa' da kansa," in ji mai shirin, fara'a har kunne. "Faɗa wa masu saurare, daga wane gari kake?"

"Wo… Wo…"

Garinsu ne, inda aka binne mahaifiyarsa, amma sunan ya ƙi fita. Gumi ya keto masa. Yana jin numfashinsa na dawo masa ta abin da aka ɗaura masa a kunne. Mai shirin ya jira kaɗan, sannan ya ce, "Jama'a, da alama faifan namu ya maƙale, wani ya taɓa allurar garmahon." Ma'aikatan da ke bayan gilashi suka kwashe da dariya. Vic ya cire abin kunnen, ya ajiye a hankali, ya fita. Da ƙafa ya koma masauki, tafiya mai nisa, bai yarda ya hau bas ba don kada kwandasta ya tambaye shi inda za shi.

Daga ranar bai ƙara yarda da wata hira ba, ko da Dougie na kusa. Kamfanin ya yi lallashi ya gaji, faifai na biyu ya fito ba wanda ya ji labarinsa. Masu jitar nan biyu suka kama gabansu. A gida kuma an fara kashe tanderun masana'anta, ana sallamar mutane. Dougie yana da mata da jariri, ga wani ɗan'uwan matarsa ya samo masa aikin walda a Ostireliya. A wani ɗan shagon shayi kusa da tashar jirgin ƙasa ya gaya wa Vic.

"Zo mu tafi tare. Rana, teku mai ɗumi, ba ruwan sama kullum kamar an yi mana baki."

"Ina da wa-waƙoƙi da ban ga-gama ba."

"Haba, Vic. Wa zai yi maka magana a garin nan in na tafi? Ko kifi ba ka iya saye sai ka nuna da yatsa."

Vic ya yi murmushi ya girgiza kai. Dougie ya yi ta kaɗa cokali a bakin kofi. Da zai shiga jirgi ya rungume shi ya ce, "Jaki kawai." Sun yi ta aika wa juna gaisuwar Kirsimeti shekaru da yawa, daga baya abin ya yi sanyi.

Vic ya zauna a Landan shi kaɗai, a wani ɗaki a saman shagon wanki, inda bango ke zufa saboda tururi. Yana waƙa a ƙananan mashaya, wani lokaci a ɗauke shi zuwa Jamus ko Holan ya buɗe wa wasu fage kafin su hau. Ya fi son can, don ba wanda ke sa ran zai yi hira. Sai ya yi kwanaki bai ce wa kowa uffan ba, in ban da abin da ya rera a kan dandamali. An yi wata ma'aikaciyar jinya, Maeve, 'yar Ailan, da ta so shi har ta tare a ɗakin nasa. Ta yi haƙuri iyakar iyawarta. Ranar da take haɗa kayanta ta ce masa, "In'inarka ba ta taɓa damuna ba, Vic, ina iya jira. Amma kai ba ka ma farawa. Sai ka tsaya gaban baƙi ka zazzage musu cikinka, ni kuma in tsinci labarin daga kujerar baya." Ya taya ta sauke akwati har bakin titi. Bayan ta tafi ya yi mata waƙa mai kyau ƙwarai, wadda ba ta taɓa ji ba.

Rasuwar mahaifinsa ce ta dawo da shi Workington. Bayan an watse daga jana'iza, Brenda, wadda ba ta yi aure ba, tana tattara kofuna ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Ɗakinka na nan. Na canza zanin gado." Bai koma Landan ba, ko kayansa wani ne ya aiko masa. Ya ɗora jitar a saman kabad, ya koyi tuƙin babbar mota, ya samu aiki a kamfanin da ke tattara madara daga gonaki.

Aikin ya dace da shi. Ya fita da sassafe, ya bi ƙananan hanyoyin nan masu katangar dutse, ya shiga gona, ya jona tiyo, ya zuƙe madara, ya wuce ta gaba. A cikin motar yake waƙarsa, da ƙarfi, injin na ba shi kiɗa. Sababbi ne duk, wasu ya riƙe, wasu su bi iska kafin ya kai gida. Ranar Juma'a ya biya ya sayo musu kifi da soyayyen dankali, shi da Brenda su ci a gaban talabijin, ita tana ba shi labarin unguwa, shi yana gyaɗa kai. Haka ya yi shekaru har gashinsa ya fara fari.

A cikin manoman da yake ɗaukar madararsu akwai Isaac Relph, wani dattijo a gefen tsaunukan Caldbeck. Matarsa ta rasu, 'yarsa tana aure a Carlisle, shi kaɗai ne da shanunsa da karensa. Shi ma ba mai magana ba ne. In tanka ta tsaya, Isaac ya dubi sama ya ce, "Ruwa." Vic ya ce, "Ru-ruwa." Shi ke nan an gaisa. Amma da shanunsa Isaac mai surutu ne, kowace da sunanta, yana yi musu faɗa kamar 'ya'yansa. Jinin garken tun na kakansa ne.

Sai shekarar cutar baki da kofato ta zo. Duk wanda ke Cumbria a lokacin ba zai manta warin ba. Aka rufe hanyoyin ƙafa, aka shimfiɗa ciyawa jiƙe da magani a ƙofar kowace gona, hayaƙin dabbobin da ake ƙonawa ya tokare sama ta ko'ina. Kullum Vic ya fita sai ya tarar an cire wata gona daga hanyarsa, har gonakin suka yi ƙarancin da kamfanin ya ce ya zauna a gida tukuna. Ta Isaac na cikin waɗanda abin ya faɗa wa. Aka harbe garken kaf a tsakar gidansa, aka ɗaura ƙyalle a ƙofa, ba shiga ba fita.

Brenda ce ta jiyo labarin a kanti. "Wai tsohon nan naka ba ya ɗaukar wayar 'yarsa. Cefanen da ake ajiye masa a bakin ƙofa ma yana nan hankaki na yagar leda." Sannan ta ƙara, "Bindiga gare shi, ka sani, kamar kowane manomi."

Vic ya hau sama, ta ji yana jan kujera, sai ga shi ya sauko da jita, ƙura ta yi mata fari.

Da rana tsaka ya isa. Ya tsayar da ƙaramar motarsa a kan titi, bai ƙetare ƙyallen ba. Gidan na can ƙasa, ƙarshen 'yar hanya, ba motsi, ba kukan saniya, ko karen bai yi haushi ba. Ya danna ham, shiru. Ya so ya ƙwala kira, ya san sunan ba zai fita ba. Sai ya zauna a kan katangar dutse, ya ɗaure tsirkiyoyin da suka saki, ya fara. Waƙa ce da ya haɗa a mota cikin makonnin nan, ba wani abu a cikinta sai kiran shanu su shigo tatsa, ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, Bramble mai harbi, Duchess mai son a fara da ita, tsohuwa Nell da ke tsayawa a ƙofa sai an roƙe ta. Yatsunsa sun yi laushi, ƙarfen na yankarsa, muryar ma ta dushe, amma ya ɗaga ta yadda za ta kai ƙasan kwarin.

Ya kai ƙarshe ya sake daga farko. A zagaye na biyun ne ƙofa ta buɗe. Isaac ya fito da rigar sanyi a karkace, gemu ya cika masa fuska, karen na bin sa. Ya tako a hankali ya tsaya nesa kaɗan da ƙofar gonar, hannuwa a aljihu, har aka gama.

"Wa ya gaya maka sunayensu?"

"Ka-kai."

"Ashe kana ji. Na ɗauka kurma ne kai." Ya share hanci da bayan hannu. "Ka manta Clover."

"Ba ta shi-shiga ba. Sunan ya ƙi da-dacewa da kiɗan."

"To ka san yadda za ka yi ta shiga. Ita ta fi su madara duka." Ya dubi ledojin da ke ƙasa, ya sunkuya ya ɗauki wadda hankaki bai taɓa ba. "Murya kamar tsohuwar ƙofa. Da wannan ka je Landan?"

Vic ya gyaɗa kai.

"Shi ya sa suka koro ka. Jibi in za ka zo, ka taho da burodi. Wannan ya yi funfuna."

Ya koma jibin da burodi, da Clover a cikin waƙar. Ya ci gaba da zuwa har aka cire ƙyallen, shi a kan katanga, Isaac a tsaye daga ciki, yana gyara masa halin kowace saniya.

Da abin ya lafa, manoman yankin suka shirya taro a zauren ƙauye, Isaac ya sa aka kira Vic ba tare da ya shawarce shi ba. Ya hau ya yi waƙoƙin da ya tara a tanka. Ƙarti masu hannu kamar faskare suka riƙa kallon ƙasa suna jan hanci. Wani mai ɗakin ɗaukar sauti a Carlisle ya buga masa su a faifai, aka riƙa sayarwa a kasuwar dabbobi da kantunan ƙauye, har yau akwai shi a cikin taraktoci da yawa. Gidan rediyon yankin ya aiko yana son hira. Brenda ce ta ɗauki wayar, ta dubi Vic, ya girgiza kai, ta ce, "Ya ce ku sa waƙar, ta ishe ku."

Isaac bai sake sayen shanu ba, tumaki kaɗan ya zuba. Vic ya koma tanka har ya yi ritaya. Ranar Lahadi yakan hau can, su zauna a ɗakin girki, shayi na hucewa, rediyo na faɗin yanayin sama, ba mai ce wa wani komai, yamma ta yi ya tashi ya tafi. Brenda takan ce, "Me kuke tattaunawa ne, ku biyun nan?" Ya ce, "Si-siyasa."

Brenda ta riga Isaac tafiya. Ciwon bai ja ta da nisa ba, da lokacin kaka ta kwanta, kafin Kirsimeti an binne ta kusa da iyayensu. Gidan ya yi wa Vic girma. Yakan bar talabijin a kunne a ɗakin zama don a ji murya, shi kuma ya zauna a ɗakin girki. Sanyin ƙashi ya kama masa yatsu, jitar sai ranar da suka yarda.

Da bazara ta shigo Isaac ma ya bi. 'Yarsa Hazel ta zo har gida ta ce, "Kawu Vic, Baba ya ce in an tashi kai shi kada a yi masa dogon wa'azi, a kira mai muryar ƙofa." Ranar yatsun suka ƙi, saboda haka ya tsaya a gaban ɗan cocin ya rera da baki kawai, hannuwansa a bayansa. Bayan an binne aka taru shan shayi a zauren ƙauye. Mutane suka yi ta zuwa suna riƙe masa hannu, wannan ya ce ashe shi ne, wancan ya tambaye shi yadda Landan take a wancan zamani. Yana ta gyaɗa kai, yana neman fuskar da zai tsaya kusa da ita ba sai ya yi magana ba, bai samu ba. Ya ajiye kofinsa a kan taga ya zame ta ƙofar baya.

Juma'a ce, saboda haka da ya shigo gari ya tsaya a shagon kifi. Matar da ke sayarwa ta daɗe ba ta nan, ta je jinyar mahaifiyarta, ranar ta dawo. Tana ganinsa ta washe baki.

"A'a, Vic! Kwana biyu. Guda biyu kamar kullum, ɗaya ba ruwan tsami, ko? Yaya Brenda?"

Ya buɗe baki. Akwai mutane a bayansa a layi, wani yana kaɗa makullin mota. Ta riga ta juya tana naɗe na biyun a takarda. Ya rufe bakin, ya karɓi ƙunshi biyu masu zafi, ya fita da su a ƙirji, ya nufi gida.